Giwa Ta Ci Gona, Wa Zai Biya?

A kudu maso gabas da birnin Bauchi, cikin ƙasar Alkaleri, akwai wani babban daji da ake kira Yankari. Gwamnatin Jihar Arewa ta wancan zamani ce ta keɓe shi a shekarar 1956 domin namun daji su sami wurin zama, aka kuma buɗe shi ga masu zuwa kallo a 1962. Girmansa murabba'in kilomita 2,244 ne. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi, sa'an nan a 2006 ta mayar wa Jihar Bauchi. Cikinsa akwai ɓauna da gwanki da kanki da dorina, har da zakuna 'yan kaɗan, amma abin da ya fi jawo masa suna shi ne giwa. A da can giwa ta cika dazuzzukan Arewa, har ga shi an bar garuruwa da mutane da sunanta. Yanzu kuwa wuraren da ta rage a Nijeriya ba su da yawa, Yankari na cikin manyansu.

Dajin nan ba shi da katanga, ba shi da shinge. Ƙauyuka sun kewaye shi, mutanensu manoma ne da makiyaya. Sau da yawa manomi yakan yi sharar gona, ya yi shuka, ya yi noman firi da maimai, har dawa ta yi kai, iyali su fara sa rai. Sai dare ɗaya garken giwaye ya fito daga daji ya bi ta gonar. Kafin gari ya waye abin da ba a ci ba an tattake shi. Manomin nan ba shi da ikon ɗaukar bindiga ya rama, gama doka ta hana kashe giwa. To, a nan ne wata tambaya ta taso wadda ta cancanci kowane mai hankali ya tsaya ya yi mata tunani. Shin daidai ne a tsare dabba alhali tana sa ɗan Adam kwana da yunwa? In kuwa daidai ne, wa ya kamata ya ɗauki hasarar?

Alƙali na gari ba ya yanke shari'a sai ya san halin waɗanda suka zo gabansa. Saboda haka ya kyautu a fara da sanin halin giwa. Babu dabbar da ke tafiya a bisa ƙasa da ta kai ta girma, cikinta kuwa daidai da jikinta. Babbar giwa takan ci ganye da ciyawa da ɓawon itace da 'ya'yan itatuwa abin da ya kai kilo 150 a yini guda, watau nauyin buhun hatsi ɗaya da rabi. Ruwan da take sha a yini yakan kai garwa takwas, wani lokaci ma ya fi. Dabba mai irin wannan ci ba ta iya zama wuri ɗaya, don in ta zauna sai ta cinye wurin ƙarƙaf. Tilas ne ta yi ta tafiya, ta ci nan ta bar shi ya farfaɗo, ta koma can.

Tafiyar nan tata ba ta ganin dama ba ce, tana bin lokaci kamar yadda Fulani ke bin lokaci da shanunsu. Akwai wani kogi da ya ratsa tsakiyar Yankari, sunansa Gaji, wanda ba ya ƙafewa. Da rani, in tafkuna suka bushe, giwaye sukan taru a kwarin wannan kogi, inda ruwa da inuwa da ɗanyen ganye suke. Da damina ta sauka, ruwa ya samu ko'ina, sai su watsu cikin daji, waɗansu har su kai bakin iyaka su ƙetare. Wadda ke jan garke tsohuwar giwa ce, 'ya'yanta da jikokinta na biye da ita. Giwa takan yi shekara 60 ko fiye a duniya, ba ta kuwa da mantuwa. Hanyar da ta bi tana ƙarama a bayan uwarta, ita za ta bi da nata 'ya'yan. In ta iske an yi gona a kan hanyar, ba ta san an yi mata iyaka ba, gama iyakar a kan takarda take, giwa kuwa ba ta shiga ajin yaƙi da jahilci ba. Abin da ta sani kawai shi ne ga abinci mai daɗi wuri ɗaya, wanda ya fi ɓawon marke sauƙin ci.

Don a gane yawan ƙasar da giwa ke bukata, sai a dubi waɗanda ke zaune a ƙasar Gurma, cikin Mali, a bakin hamada. Su kowace shekara sukan yi wani babban zagaye suna bin tafkuna, filin da suke yawo ciki ya kai murabba'in kilomita 32,000, watau ya ninka Yankari fiye da sau goma. Yankari ta fi Gurma ruwa da ciyawa, don haka giwayenta ba su bukatar tafiya mai nisa haka. Duk da haka misalin ya isa ya nuna cewa ko gandun dajin da mutum ke gani ƙato ne, a wurin giwa ɗaki ne cikin gida, ba gidan duka ba.

Yanzu sai a saurari manomi. Hujjarsa mai ƙarfi ce, ba kuwa mai gaskiyar da zai raina ta. Zai ce Allah ya ɗaukaka ɗan Adam bisa sauran halitta, ya hore masa ƙasa don ya nemi abinci. Zai ce shi bai shiga daji ya tsokani kowa ba, gonarsa ce ta gado ko ta saye, da guminsa ya noma ta. Zai ce waɗanda ke zuwa daga birane da ƙasashen waje su ɗauki hoton giwa su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, su koma gida su iske abincinsu a dafe, shi kuwa aka bar shi da rumbu wayam da bashin taki. Zai ƙara da cewa ba dukiya kaɗai ke cikin hatsari ba, don wanda ya fita da dare korar giwa ransa ya ɗauka a hannu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda bai taɓa kwana a bukkar gona yana jin karyewar karan dawa cikin duhu ba, bai kamata ya yi saurin kiran manomin nan jahili ba.

Kuma ba laifinsa ba ne da gonaki suka matso daji. A ƙidayar 1963 mutanen Nijeriya ba su kai miliyan 56 ba, yau kuwa sun wuce miliyan 200. Ƙasar ba ta ƙaru ba ko da taƙi ɗaya. Inda da yake saura ko kurmi, yanzu gona ce. Burtalin da shanu ke bi ma an nome shi a wurare da yawa, shi ya sa makiyayi ke kutsawa da shanunsa cikin Yankari, ko da yake doka ta hana, su ci ciyawar namun daji su gurɓata musu ruwa. Kowa a nan matsi ne ya turo shi.

Giwa ba ta da baki, sai a yi mata magana. Abu na farko, ita ma halittar Allah ce, ba mutum ya ƙage ta ba, ba shi kuwa da ikon mai da ita in ta ƙare. Malamai sun karantar da cewa dabbobi al'ummomi ne masu rai da rabo, kuma akwai hisabi a kan zaluntarsu. Ikon da aka ba ɗan Adam a bayan ƙasa irin na makiyayi ne da aka ba amanar garke, ya sha nono ya kuma tsare, ba irin na ɗan fashin da ya faɗa wa ayari ba. In mutanen zamani ɗaya suka ƙarar da abin da aka ajiye don dukan zamanai, sun ci amanar waɗanda ba a haifa ba tukuna.

Abu na biyu, ƙarewarta ba ta da wuya. Akuya takan haihu bayan wata biyar, sau da yawa ma tagwaye. Giwa kuwa sai ta yi wata 22 da ciki, ta haifi ɗa ɗaya, sa'an nan ta yi shekara huɗu ko biyar kafin ta sake. Abin da maharbi ya kashe cikin ƙiftawar ido sai an yi shekaru kafin a mai da shi. Masana sun kimanta cewa a 1979 akwai giwaye wajen miliyan 1 da dubu 300 a Afirka. Kafin 1989 sun koma wajen dubu 600, saboda kashe su da aka yi ta yi don haure. A shekarar ce ƙasashen duniya suka haɗu suka hana cinikin hauren giwa tsakaninsu. Duk da haka a 2016 lissafin ya sauko wajen dubu 415. A Yankari ma haka abin ya kasance. A 2006 an bi ta sama da jirgi an ƙidaya fiye da 300, bayan 'yan shekaru kuwa aka kimanta saura tsakanin 100 da 150.

Abu na uku, giwa ba ci kaɗai take yi ba, tana yi wa daji aiki. Takan ci 'ya'yan giginya da aduwa da sauransu, ta tafi da ƙwallayen cikin cikinta ta zubar da su can nesa tare da takinsu, su tsiro. Takan karya itatuwa ta buɗe sarari, ciyawa ta fito, ɓauna da gwanki su sami kiwo. Hanyoyin da ta fasa cikin kurmi su ƙananan namu ke bi zuwa ruwa. Kuma saboda ita ne aka fi tsare dajin. In aka rasa ta, ƙwazon tsaro zai ragu, masu gatari da masu gawayi su shiga. Ƙauyukan da ke kuka da giwa yau su ne za su fara ganin rafukansu sun ƙafe, iska ta kwashe musu ƙasar gona.

To, ga hujja ga hujja, kowace da nauyinta. Akwai hanyoyi biyu masu sauƙi, dukansu kuwa ɓatattu ne. Ta farko ita ce a ce a kashe giwayen a huta. Wannan kamar mutum ne ya sare kukar ƙofar gida don ganye na zubar masa a tsakar gida. Ta biyu ita ce a ce da manomi ya yi haƙuri, giwa dukiyar ƙasa ce. Wannan kuwa kyauta ce da kayan wani, don mai faɗin haka ba gonarsa aka ci ba. Adalci yana wani wuri dabam, kuma shari'ar da mutanen ƙasar nan suka daɗe da sani ta nuna hanyarsa.

A cikin littafin Risala, wanda almajirai ke karantawa a zaure, an kawo hukuncin ɓarnar dabbobi. In dabba ta ci gona da dare, masu ita za su biya, don tsare ta da dare wajibinsu ne. In kuwa da rana ne, babu biya, don da rana masu gona ne ya kamata su tsare gonarsu. Watau an raba nauyin biyu, kowa da nasa. Giwa kuwa yawanci da dare take fita ɓarna. Saura a tambaya, wane ne mai giwa? Gwamnati ce ta ce namun daji suna hannunta a madadin jama'a duka, ita ta yi doka ta hana taɓa su, ita ke karɓar kuɗin masu zuwa kallo. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Wani zai ce ai ƙiyasin bai yi daidai ba, don giwa ba saniya ba ce da za a ɗaure a turke, naman dawa ne wanda ba shi da ubangiji sai Allah, ɓarnarsa kamar ta fara ce ko ƙanƙara, ba a kai ƙarar kowa a kanta. Maganar tana da kama da gaskiya, amma akwai bambanci. In fara ta sauka, ba wanda ya hana manomi ya kashe ta, har ma ya soya ya ci. Giwa kuwa an ɗaure masa hannu a kanta. Wanda ya hana mutum kare kansa, ya ɗaukar wa kansa kare shi ke nan. Ba a karɓe wa makaho sanda sa'an nan a ƙi yi masa jagora.

Keɓe fili don amfanin jama'a ba baƙon abu ba ne da Turawa suka kawo. Kowane tsohon gari a ƙasar Hausa yana da huruminsa da makiyayarsa. Tun zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an keɓe wani kwari kusa da Madina don dawakin Musulmi. Sayyidina Umar ma ya keɓe wani, amma ya gargaɗi mai tsaronsa da ya sassauta wa masu 'yan dabbobi kaɗan, ya kuma ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Wannan ba hujja ba ce ta a buɗe Yankari ga shanu, don in aka buɗe ba abin da zai saura. Abin lura shi ne shugaban da ya keɓe hurumi bai manta da talakan da ke gefensa ba. Amfanin da jama'a duka za su ci, bai halatta a ɗora kuɗinsa a kan mafi rauninsu kaɗai ba.

Biyan nan kuwa iri-iri ne, mafi alherinsa shi ne wanda ke zuwa kafin ɓarna, don rigakafi ya fi magani. A 2014 Gwamnatin Jihar Bauchi ta ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiyar kare namun daji ta Amurka, mai suna WCS, don a ƙarfafa tsaron Yankari. Aka ƙara wa masu gadin daji horo da kayan sintiri, har daga 2015 aka yi shekaru ba a sami labarin an kashe giwa don haure ba. A 2019 aka sa wa giwaye shida wata na'ura a wuya wadda ke aiko da labarin inda suke ta hanyar tauraron ɗan Adam. Da yake giwa a garke take tafiya, sanin inda ɗaya take sanin inda 'yan'uwanta suke ne. In aka ga sun doshi iyaka, ana iya tura ma'aikata su tare su, a kuma gargaɗi ƙauye. An kuma ɗauki waɗansu mutanen ƙauyukan aikin lura da giwa da ba da labari. A ƙasar Kenya an gano cewa giwa, duk da girmanta, tana tsoron zuma, sai manoma suka riƙa kewaye gona da amya da aka haɗa da waya, in ta taɓa wayar zuma ya tashi ta gudu, manomi kuma ya sami zuman sayarwa. Hayaƙin barkono ma yakan kore ta. Babu ɗaya cikin dabarun nan da ke aiki kullum, don giwa mai wayo ce, takan gane abin da aka saba yi mata. Sai an haɗa su, an kuma riƙa sauyawa.

In an yi rigakafi duk da haka ɓarna ta auku, sai diyya. A nan akwai wuya, ba a ɓoye ta. Wani zai ƙara gishiri ga hasararsa, wani ma'aikaci zai nemi na goro, kuɗi kuma yakan makale a hanya har damina ta zagayo. Amma wahalar auna haƙƙi ba ta soke haƙƙi. Mai unguwa da dagaci da malamin gona suna iya zuwa su ga gona da idonsu tun sawun giwa bai bushe ba, a ƙiyasta a gaban jama'a, a biya kafin yunwa ta shiga gida. Haka kuma ya dace ƙauyukan da ke maƙwabtaka da dajin su ga rabonsu cikin kuɗin da yake kawowa, su gan shi a rijiya da makaranta da ɗakin shan magani, 'ya'yansu kuma su zama su ne masu gadi da masu yi wa baƙi jagora. Mutum ba ya ƙona rumbun da yake ɗiba a ciki.

Shi ma manomi da nasa rabon nauyin, kamar yadda hukuncin rana ya nuna. Wanda ya sare daji ya yi gona cikin iyakar gandu, ko ya nome hanyar da kowa ya san giwa ke bi, ya raunana ƙararsa da kansa. Yadda aka san shanu suna da burtali, haka ya kamata a san giwa tana da nata, a bar mata shi. Kuma bai halatta mutumin ƙauye ya sauki maharbin haure a gidansa, ko ya nuna masa hanya, don haushin gonarsa ba. Maharbin nan ba don tausayin manomi ya zo ba, fatake ne na nesa suka aiko shi. Yawan wannan fatauci ya bayyana a watan Janairu na 2024, sa'ad da hukuma ta niƙe haure tan biyu da rabi a Abuja wanda aka ƙwace daga hannun masu fasa-ƙwauri. Akwai kuma masu gadin Yankari da suka rasa rayukansu a hannun maharba, su kuwa 'ya'yan talakawa ne kamar kowa. Giwar da aka harbe ta ba ta mutu ba takan zama mai faɗa, garken da aka kashe masa tsohuwa yakan rikice, wahalar kuma a kan ƙauye take komawa.

Saboda haka amsar tambayar nan ita ce, tsare giwa daidai ne, amma barin manomi shi kaɗai da hasararta zalunci ne, zalunci kuwa ba ya zama harsashin abu mai ɗorewa. Mutumin Kano da na Ikko da na Ingila, in suna son jikokinsu su ga giwa da ido, sai su sa hannu cikin kuɗin tsaronta da kuɗin ɓarnarta, ta hanyar Gwamnati ko ta ƙungiyoyi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu gadi komai yawansu ba su isa su kewaye daji mai girman Yankari ba. Katangarsa ta gaskiya ita ce yardar mutanen da ke zaune a bakinsa, yardar nan kuwa ba a samunta da bulala ko da wa'azi, sai ran da manomi ya tabbata cewa in giwa ta ci gonarsa, 'ya'yansa ba za su kwana da yunwa ba.